TAFASAR JINI BA HUJJA BA CE, KO DA ZA KU SAKE CE MINI MUNAFUKI

Jama'a, rubutun nan zai yi tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai ya samu sarari. Kwana tara ke nan ina haɗiye maganar nan, yau na ga idan ban fitar da ita ba za ta zame mini ciwo.

Ba zan faɗi sunan makaranta ba, ba zan faɗi sashe ba, ba zan kama sunan kowa ba. 'Yan ajinmu sun san kansu.

Daren Alhamis ɗin makon jiya, wajen goma da rabi, ina kwance ina fama da handawut saboda tes ɗin Litinin, sai wayata ta kama ƙara ba ƙaƙƙautawa. Ƙaramin guruf ne na WhatsApp da mu Musulmin aji muka buɗe don sanar da juna karatu da suna da ta'aziyya. Wani ya turo hoton wani rubutu na Facebook, da sunan wata 'yar ajinmu Kirista a sama da hotonta, a ƙasa kuma kalmomin da ba zan iya maimaitawa ba a kan Manzon Allah (SAW).

Bari in faɗi gaskiya tun daga nan, don kada wani ya ɗauka ni dutse ne. Da na karanta, hannuna rawa ya kama yi. Kunnuwana suka yi zafi. Na tashi zaune ban san na tashi ba. Duk abin da kuka ji a daren nan na ji shi, watakila ma fiye da wasunku.

Kafin in gama karanta saƙo ɗaya goma sun shigo. Wannan ya ce ya san ɗakinta. Wancan ya ce a haɗu bayan Asuba. Wani ya ce dama ya daɗe yana lura da irin kallon da take yi wa masu hijabi, abin da bai taɓa faɗa ba tsawon shekara biyu da muke aji ɗaya da ita.

Sai na rubuta layi ɗaya: "Don Allah, wa ya shiga shafinta ya ga rubutun nan da idonsa?"

Shi ke nan laifina. Wani ya ce, "Malam, an taɓa Annabi kana tambayar shaida?" Wani ya ce boko ya cinye mini zuciya. Wani ya ce ai dama ita ke ba ni nots ɗinta ina kwafa, wanda gaskiya ne, rubutunta ya fi na kowa kyau a ajin. Wanda ya fi yi mini ciwo abokina ne da muke sahu ɗaya kullum, ya ce, "Wanda jininsa bai tafasa ba yau ya je ya binciki imaninsa."

Wannan jumlar ce na zo in yi rigima da ita. Ba da shi ba, da jumlar.

Tafasar jini tana gaya maka abu ɗaya tak: cewa kana son abin da aka ce an taɓa. Wannan kuwa alheri ne, ban musa ba. Amma ba ta gaya maka ko an taɓa ɗin ba. Ba ta san wa ya rubuta ba, ba ta san yaushe ba, ba ta san ko hoton na gaske ne ko haɗa shi aka yi. Labarin gaskiya da na ƙarya zafi iri ɗaya suke kawowa a ƙirji. Idan da zuciya tana iya bambance su da ba a taɓa damfarar kowa ba.

A gidanmu na koyi wannan, ba a aji ba. Babana tela ne, haifaffen Kafanchan, kakana aikin reluwe ne ya kawo shi garin tun jirgin ƙasa yana jirgin ƙasa. Lokacin rikicin 1987 Baba yana saurayi. Ya ce da hanya ta buɗe, sai ga yayansa daga Zariya ya faɗo gidan, idanu sun kumbura, ya kwana biyu yana kuka, don labarin da ya iske su can shi ne an gama da Musulmin Kafanchan kaf, babu wanda ya yi saura. Ya zo ne ya nemi gawa. Ya tarar da Baba a tsakar gida yana gyaran keken ɗinki. Hawayen Baffa na gaske ne, ba wanda zai ce na munafunci ne. Labarin da ya jawo su ne aka kumbura. An kashe mutane a Kafanchan a lokacin, an ƙona wuraren ibada, wannan ba ƙarya ba ne. Amma abin da ya isa Zariya ya ninka abin da ya faru sau ba adadi, kuma a kan wanda ya isa ɗin mutane suka fita da fetur.

Mu ɗaliban wannan yanki ya kamata a ce mun haddace tarihin nan kamar karatun allo, amma na lura yawancinmu sunan kawai muka sani. Ranar Juma'a 6 ga Maris 1987 ne, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, wadda yanzu take Gidan Waya. Ƙungiyar ɗalibai Kiristoci ta FCS tana taronta na wa'azi mai suna Mission 87. Tun kafin ranar an yi ja-in-ja a kan wani kyalle da aka rataya a ƙofa mai nuna harabar ta Yesu ce, har aka sauke shi. Mai wa'azin, Rabaran Abubakar Bako, wanda asalinsa Musulmi ne, ya kawo ayoyin Alƙur'ani cikin jawabinsa, ɗalibai Musulmi suka ce ya karkatar da su ya yi ɓatanci, wata ɗaliba ta tunkare shi, aka kaure. Daga harabar makaranta abin ya shiga gari. Cikin 'yan kwanaki ya isa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, wadda a lokacin tana cikin jihar Kaduna. An ƙona coci fiye da 100 da wasu masallatai, an rasa rayuka. Abubakar Dangiwa Umar ne gwamna. Janar Babangida ya fito ya kwatanta abin da yunƙurin juyin mulki na farar hula. Aka kafa kwamitin Donli, aka kafa kotun Karibi-Whyte, aka zargi Rediyon Tarayya na Kaduna da hura wutar ta irin rahotannin da ya riƙa watsawa.

To ku tsaya ku yi lissafi. Mutum nawa ne suka ji abin da Bako ya faɗa da kunnensu? Waɗanda ke filin nan kaɗai. Wanda ya cinna wa coci wuta a Funtuwa bai ji ba. Wanda ya jefi masallaci a Kafanchan shi ma wani ne ya gaya masa an daki fasto. Dukkansu jininsu ya tafasa, dukkansu sun tabbata a ransu Allah suke wa aiki. Ƙasar ma dama a ɗane take tun rigimar shiga OIC a Janairun 1986, kowa yana jiran a taɓa shi. Kuma wannan ba WhatsApp, ba Facebook. Rediyo ne da bakin direbobin tasha.

Yau fa? Masu bincike na jami'ar MIT a Amurka sun bi diddigin labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter, suka wallafa sakamakon a 2018: labarin ƙarya ya fi na gaskiya gudu da nisa, kuma mutane ne ke tura shi da hannunsu, saboda ya fi ba da mamaki da tsoro da ƙyama. Wanda ya zauna ya ƙirƙiri ƙarya ya san inda zai taɓa ka. Gaskiya kuwa yadda ta faru haka take zuwa, wani lokaci lami, ba gishiri. A shekarar nan dai BBC ta binciki hotunan da aka yaɗa a Facebook lokacin kashe-kashen Filato na watan Yuni, aka gano ɗaya daga cikinsu daga Kongo Brazzaville ya fito, an ɗauke shi shekaru kafin nan. Amma an riga an tare hanya an kashe matafiya. Saboda haka idan saƙo ya shigo wayarka ka ji ya ɗaga ka daga kan katifa cikin daƙiƙa biyar, wannan ɗagawar ita kanta dalili ce na ka ƙara dubawa.

Na san amsar da za a ba ni: wannan duk maganar Turawa ce, mu addini muke magana. To mu koma addinin.

Wace aya ce malamanmu suka fi ja mana kunne da ita a kan jita-jita? Aya ta 6 a Suratul Hujurat, mai umarni da a tabbatar da labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci a dawo ana nadama. Malaman tafsiri da yawa sun ce ta sauka ne a kan wanda aka aika karɓar zakka wurin Banu Musɗaliƙ, ya dawo ya ce sun hana har sun so kashe shi, saura kaɗan a tura musu runduna, ashe ba haka ba ne. A Madina ke nan, Annabi (SAW) yana raye, mutanen da suka fi mu imani nesa ba kusa ba. Ba a ce musu ku auna da zafin da kuka ji ba. Bincike aka ce su yi.

Hadisi ingantacce a Bukhari da Muslim ya hana alƙali yanke hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi. Alƙali fa, wanda ya yi karatu, aka naɗa shi, ga shaidu a gabansa. Shi an ce ya dakata sai ya huce. Kai kuma ɗan aji biyu, da waya mai fasasshen gilashi, ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ka zama mai ƙara, ka zama shaida, ka zama alƙali, ka zama hauni, kuma fushin da ya hana alƙali zama shi ne kai takardar shaidarka. Haba jama'a!

Ga kuma balaraben ƙauyen da ya yi fitsari a cikin masallacin Annabi (SAW). Nan babu maganar jita-jita, a gaban idonsu aka yi. Sahabbai suka taso masa, jini ya tafasa. Aka hana su, aka bar shi ya gama, aka zuba bokitin ruwa a wurin, aka kira shi aka koya masa. Wa zai ce waɗanda suka taso sun fi wanda ya hana su kishin masallacin?

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce addini lissafi ne busasshe ba. Wanda bai taɓa jin tsigar jikinsa ta tashi a tahajjudin goman ƙarshe ba ya yi rashi babba. Ni ma na yi kuka a bayan liman, kuma na sha jin maƙwabtanmu suna rera waƙa a coci da Hausar nan tamu har muryarsu tana rawa, na san abin daga zuci yake fitowa. So da tsoro da kwaɗayin rahama su ne man da ke tafiyar da imani. Imam Ghazali ma, a cikin Ihya, da ya zo babin fushi bai ce a kashe shi ba, ya soki wanda ba shi da shi sam kamar yadda ya soki wanda ya fi ƙarfinsa, ya ce a sa shi ƙarƙashin hankali da shari'a. Doki ne mai kyau. Rigimata da ku ita ce kun cire masa linzami kun ce gudun da yake yi da ku shi ne alamar kun san hanya.

Kuma akwai abin da na lura da shi a daren nan da ya fi ba ni tsoro. Bayan minti ashirin abin ya daina zama fushi, ya koma gasa. Kowa yana ƙoƙarin ya fi na samansa zafi, don kada a ce shi ne mai sanyi. Akwai waɗanda na san Asuba tana ba su wuya, su ne a sahun gaba wajen cewa a haɗu bayan Asuba. Ba gori nake yi ba, ni ma ina makara. Amma fushi ibada ce mai arha. Ba ya buƙatar alwala, ba ya buƙatar ka bar ƙarya ko satar amsa, ba ya buƙatar ka buɗe Ahalari. Cikin minti ɗaya yana sa ka ji kai waliyyi ne. Shi ya sa yake da kasuwa.

Yanzu bari in juyo kanku, 'yan'uwana Kiristocin aji, don kada ku yi ta danna mini alamar so kuna cewa yau Hausa ya faɗa wa 'yan'uwansa gaskiya. Kafin sha biyun dare labari ya shiga naku guruf ɗin. Me ya zama kafin gari ya waye? Wai Musulmi sun tara makamai a masallaci, wai an kawo mutane a mota daga wani gari. Ɗayanku ne ya nuna mini saƙonnin, kuma na gode masa. Wa ya ga makaman? Babu. Wa ya ga motar? Babu. Amma wasu har sun kira gida, an fara cewa samari su kwana da shiri. Ciwo ɗaya ne ke damunmu. Littafinku ya ba da labarin Shawulu yana tsaye ana jifan Istifanus, yana ganin aikin Allah ake yi, kuma shi ne daga baya, da ya zama Bulus, ya yi maganar masu himma saboda Allah amma ba da sani ba. Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist don kare Ubangijinsa, aka ce ya mayar da shi kube. Kun fi ni sanin waɗannan.

Na san tsoronku ba daga iska ya zo ba. Akwai 'yan ajinmu da aka ƙona ƙauyukansu, akwai wanda ya binne 'yan gidansu bayan harin Godogodo na 2016. Kuma duk wanda ya ji an ce ɓatanci a makaranta, Deborah Samuel yake tunawa, wadda aka kashe aka ƙona ranar 12 ga Mayu 2022 a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, a kan saƙon murya a guruf ɗin aji irin namu. Mu ma namu tsoron yana da tushe. Ina ɗan shekara goma aka ƙona kasuwar Kafanchan a Afrilun 2011, shagon Baba da kekunansa uku suka tafi, kuma kowa ya san abin da aka yi wa Musulmi a Zonkwa a makon nan. Kowane ɓangare yana da kaburburan da zai nuna. Amma kabarin 2011 ba shaida ba ne a kan abin da wata yarinya ta rubuta ko ba ta rubuta ba ranar Alhamis. Tsohon ciwo yana sa ka yarda da sauri ne kawai.

Dattawan al'ummomi 29 na ƙananan hukumomi biyar sun sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan a Maris 2016. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa a faɗan 1992, sun shekara da shekaru suna yawo tare suna ba da labarin yadda kowannensu ya so ganin bayan ɗayan. Mu da aka ce mu ne masu ilimin, wasunmu ma malaman makaranta za su zama, hoto ɗaya ya kusa mayar da mu 1987.

Ga yadda ta ƙare. Da safe ni da wakilin aji da wasu mutum biyu muka nemi shafin. Ba nata ba ne. An buɗe shi a makon, da hotonta da aka ɗauko daga shafinta na gaske, babu abokai, babu komai a ciki sai wannan rubutu ɗaya. Kafin azahar ma an goge shi. Muka tambayi wanda ya fara turowa, ya ce, "Wallahi ni ma turo mini aka yi." Wanda ya turo masa shi ma haka ya ce.

Wani ya tare ni a bakin masallaci ya ce, "To da ya tabbata ita ce fa?" Na ce da na ji ciwon da ya fi wanda na ji, kuma da mun kai ƙara inda ake kai ƙara, da hujja a hannu. Ko a fiƙihun da muke karantawa, hukunci aikin hukuma ne, ba na taron ɗalibai ba. Sarkin Musulmi da kansa ya yi tir da kisan Sakkwato. Ko shi ma za ku ce ya binciki imaninsa?

Ita kuwa tun ƙarfe ɗayan dare wata ƙawarta Musulma ta buga mata waya ta ce ta bar ɗakin. Ta kwana a wani gida cikin gari, da asuba ta hau mashin zuwa wurin innarta a Kagoro. Ba ta rubuta tes ɗin Litinin ba. Ta dawo ranar Laraba, ta bar kujerarta ta gaba, yanzu a baya take zama kusa da ƙofa, jakarta a kan cinya har a tashi. Na je na gaishe ta, ta amsa, amma ba ta ɗago ba.

A guruf ɗinmu kuwa, tun ranar Juma'ar nan ba wanda ya sake tayar da maganar. Wasu sun goge saƙonninsu. An koma turo addu'ar safiya da sanarwar ɗaurin aure kamar ba a yi komai ba. Mutum ɗaya ne ya biyo ni ta gefe ya ce, "Ka yi haƙuri da abin da na faɗa maka." Na ce na haƙura, amma ba ni aka kora daga ɗaki da tsakar dare ba.

Malamin ya yarda zai sake mata tes ɗin ranar Litinin ƙarfe takwas. Wanda ya ce ya san ɗakinta, da wanda ya ce a haɗu bayan Asuba, da abokina na sahu, duk kun san ajin da za a yi shi. Lambarta kuma tana cikin babban guruf, ta ukun ƙarshe a jerin sunaye.